Ram Ɗin da Surukina Ya Zaɓa

Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi a Kazaure, kuma duk arzikin da ke cikinsa kwamfutar tebur ce guda ɗaya. Da ita nake tsara katin biki da kalandar amare, da ita nake haɗa bidiyon ɗaurin aure da na suna. Tun shekarar da na saye ta na cire murfin gefenta saboda zafi, na kafa mata fanka, don haka duk wanda ya shigo yana ganin hanjinta. Ba ta taɓa ba ni kunya ba sai da mutane suka fara zuwa da bidiyon sababbin wayoyi masu nauyin tsiya. Daga nan ta koyi dogon tunani. In na ce ta buɗe aiki, sai in je in yi alwala in dawo in tarar tana nan tana shawara da zuciyarta. Amare nawa suka daskare a kan allona da baki buɗe, danginsu na tsaye a bayana suna kallo.

Mai sayar mini da kayan kwamfuta wani mutumin kudu ne da duk garin ke ce wa Oga. Ya daɗe a Kazaure har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan bokonmu daɗin ji, in ban da ranar Lahadi ba ka samun shagonsa a rufe. Ya leƙa cikin kwamfutar sau ɗaya ya ce ram ne ya yi mata kaɗan. Ram wani ɗan falle ne siriri, tsawon mataji, da jerin haƙora masu ruwan zinariya a gindinsa. A kansa kwamfuta ke baje aikin da take yi a lokacin, in ya yi kaɗan sai ta riƙa ɗauke wannan tana ajiye wancan har ranka ya ɓaci. Bibbiyu ake sayar da su a kwali ɗaya, domin masu ƙera su tare suke gwada su, shi ya sa ba a raba su.

Kwali biyu Oga ya ajiye mini a kan kantar shagonsa, ɗaya mai jajayen falle biyu, ɗaya mai baƙaƙe. Girmansu ɗaya, giga goma sha shida kowane kwali, gudunsu ɗaya, farashinsu ma kusan ɗaya. Bambancin wasu ƙananan lambobi ne a bayan kwalin, waɗanda Oga kansa sai ya sa tabarau yake karanta su, in ya gama kuma ya ce, "Malam, duk wanda ka ɗauka zai yi." Ni kuwa Allah ya yi ni da wani hali, in aka ce mini duk ɗaya ne, a nan nake tsayawa cak. Sau uku na je shagon a mako guda. In ɗauki ja in ji kamar baƙin yana harara ta, in ɗauki baƙi in tuna wani ya taɓa cewa ja ya fi fitar da zafi. Ranar ta uku Oga ya ce in na sake zuwa ban saya ba zai fara karɓar kuɗin kallo.

A makon ne surukina ya zo Kazaure ganin likita saboda gwiwarsa, ya sauka gidan ƙaninsa. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Roni, kuma duk rayuwarsa dillalin shanun huɗa ne. Daga karar Babura, wato kasuwar dabbobi, zuwa ta Gwiwa har bakin iyaka inda ake ciniki da sefa, in manomi zai sayi shanun garma shi ake nema ya zaɓa. An ce da tafiyar bijimi kawai yake gane ranar da zai fara kwanciya a gona. Sai wata bazara ya zaɓa wa wani mutumin Gwiwa wani sa mai ciwon ƙafa a ɓoye, ana fara huɗa ya durƙushe a tsakiyar gona ya ƙi tashi. 'Ya'yansa maza, yayyen matata, suka canja wa mutumin wani san a asirce, suka dawo gida suka tsuguna suka ce, "Baba, ku huta haka nan, mu za mu riƙa zuwa kara." Tun daga ranar, in ya ba da shawara a kan dabba sai su ce, "To, Baba," su fita su yi abin da suka ga dama.

Matata ta dawo daga gaishe shi da jajayen idanu. Ta ce ba gwiwa ke damun mahaifinta ba. Mutumin da ake jin muryarsa daga wannan bakin kara zuwa wancan, yanzu sai ya wuni a kan tabarma bai ce uffan ba, tuwo ma tsakura yake yi ya ture. Ga bazara ta zo, lokacin da a da ba a ganinsa a gida, yanzu babu mai sallama a ƙofarsa ya ce zo ka duba mini.

"Maigida, don Allah ka nemi shawararsa a kan wani abu," in ji ta. "Ko mene ne. Ya dai ji an tambaye shi."

Na tausaya masa ƙwarai, domin dattijo ne da bai taɓa ɗaga mini murya ba tun da na auri 'yarsa. Amma me zan tambaye shi? Ba ni da gona, ko akuya ba ni da ita. Ina cikin wanka dabarar ta faɗo mini, har na ji ina yi wa kaina kirari. Ga kwali biyu da Oga ya rantse duk ɗaya ne. In kai dattijo ya nuna ɗaya, ya ji daɗi an girmama shi, ni kuma in huta da wasiwasi. Ja ko baƙi, babu ta inda za a yi asara. Ban taɓa jin kaina da wayo kamar wannan safiyar ba.

Duk wanda ya san tsakanin mutum da surukinsa a ƙasarmu ya san irin dutsen da na ɗauka. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, in na hango shi tun daga nesa nake cire takalmi. Na je na tsuguna a bakin tabarmarsa, na gaishe shi har gaisuwar ta ƙare na sake ɗauko ta daga farko, sannan na ce da ƙasa, domin ita nake kallo, "Baba, akwai wasu kayan aiki da zan saya, bibbiyu ake haɗa su su yi aiki tare. Na kasa zaɓe. Na ce ko za ku taimaka ku duba mini."

Sai na ji ya muskuta a kan tabarma.

"Bibbiyu ake haɗa su?"

"E, Baba."

"Su ja tare?"

"Kusan haka ne, Baba."

"Miƙo mini sandata."

A cikin adaidaita-sahu ni na zauna a gaba kusa da direba, rabin jikina a waje, don kada kafaɗata ta taɓa tasa. Oga ya tarbe shi da girmamawa, ya kawo masa kujera da ruwan sanyi, ya ajiye kwalayen biyu a gabansa. Na riga na ƙyafta wa Oga ido tun daga ƙofa, ya gane karatun. Abin da muke jira kawai dattijo ya ɗaga yatsa.

Bai ɗaga ba. Ya ce a buɗe. Oga ya ce ai ana ganin su ta cikin leda, Baba ya ce shi bai taɓa sayen dabba daga bayan danga ba. Aka buɗe. Ya ɗauki jan falle ɗaya ya juya shi, ya kai shi saitin haske, sai ya hango jerin zinariyar nan ta gindi, fuskarsa ta saki.

"Ashe suna da haƙora."

Ya sa babban yatsa yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Oga ya miƙo hannu kamar wanda ake taɓa wa ƙwayar ido, ya ce, "Baba, wurin nan ba a taɓa shi." Baba ya ce in ba a taɓa haƙori ba me za a taɓa. Ya auna nauyin kowanne a tafin hannu. Ya ɗan ƙwanƙwasa da farce ya kara a kunne. Ya jera duka huɗun a kan kanta ya sunkuya yana duba ko tsayinsu ya zo ɗaya. Masu sayen caja da masu sa waƙa a waya duk suka bar abin da ya kawo su suka zagaye mu. Ni ina tsugune a gefe, kuma in faɗi gaskiya daɗi nake ji, domin muryarsa ta fara dawowa.

Sai ya nuna jajayen biyu. "Waɗannan garkensu ɗaya?"

"E, Baba," in ji Oga. "Gida ɗaya suka fito, tare aka yi su, tare aka gwada su."

"To, ai nan ɓarnar take."

Ya gyara zama ya yi wa taron karatu. Ya ce shi a tsarinsa ba a ɗaura wa shanu biyu 'yan garke ɗaya karkiya ɗaya. Sun san juna tun suna maruƙa, sun san lalacin juna, in ɗaya ya tsaya ɗayan ma tsayawa zai yi, su haɗa maka kai a tsakiyar gona rana tana dukanka. Abin da ake nema tsayi ɗaya, gida daban. Mai zafi ɗaya, mai sanyi ɗaya. Mai zafin ya ja, mai sanyin ya daidaita layi, kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa. Wani Bafulatani da ya zo sayen batir ya ce wallahi haka yake. Baba ya sa yatsa biyu ya ture ja ɗaya da baƙi ɗaya gabana.

"Ga su nan. Jan a dama za ka sa shi."

Duk lissafina a kan ja ko baƙi ne, ban taɓa kawo ja da baƙi a raina ba.

Oga ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, waɗannan ba a raba su. Wani lokaci a haɗa su zauna lafiya, wani lokaci su ƙi jituwa, injin ya riƙa faɗuwa." Baba ya juyo gare shi da dukan ƙirjinsa, ya buɗe baki zai amsa, idonsa har ƙyalli yake. Ni kuwa tsoro ya kama ni kada a kunyata dattijo a gaban jama'a. Na taka ƙafar Oga ta ƙarƙashin kanta na ce, "Oga, Baba ya riga ya zaɓa." Na juya na ce, "To, Baba. Mun gode, Allah ya ƙara girma." Baba ya rufe bakinsa a hankali.

Ciniki dai shi ya yi abinsa. Ya taya, Oga ya ce albarka, ya miƙe kamar zai tafi, aka riƙo sandarsa, ya dawo, haka har aka kira azahar. Da za mu fita Oga ya jefa ragowar ja da ragowar baƙin a aljihun tebur, ya raɗa mini, "Suna nan ina ajiye maka. Za ka dawo."

Abin haushi, da na sa su kwamfutar ta tashi garau. Ranar farko ta yi gudu kamar an biya ta. Na haɗa bidiyon suna guda cikin rabin lokacin da na saba, har na fara tunanin ko dai masu ƙera ram ne ba su taɓa zuwa karar Babura ba. Rana ta uku, ina tsakiyar wani biki da na kwashe wuni ina yankawa ina jerawa, allon ya koma shuɗi fat, kwamfutar ta mutu ta sake tashi kamar ba ita ba. Aikin wunin ya tafi. Daga nan abin ya zama ba shi da lokaci. Wata rana ta yini lafiya, wata rana sau huɗu kafin la'asar. Na koyi danna adana bayan kowane motsi, har in ina cin abinci sai in ji yatsuna suna dannawa a bakin kwano.

Mai hankali zai ce to ka je ka canja mana, Baba ai ya koma ƙauye. Nan ne gizo ke saƙar. Baba ya koma ƙauye da labari. Kafin mako ya zagayo duk wanda ke zama a gindin bishiyar ƙofar gidansa ya san cewa an aiko daga Kazaure an ɗauke shi takanas ya zaɓa wa kwamfuta abokan aiki, bayan 'yan boko sun kwana bakwai sun kasa. Matata ta ce ya koma cin tuwo har da neman ƙari. Kuma duk ranar kasuwa sai baƙi sun yi mini sallama, mutum biyu, mutum uku, da buhunansu a ka, sun ce Baba ya ce su biyo su ga shanunsa. Kwamfutar kuwa ba murfi. Su sunkuya su leƙa, ga ja ga baƙi a tsaye kafaɗa da kafaɗa, su ce, "Allahu Akbar, jan a dama kuwa." Wani tsoho har ya tambaye ni ko suna shan ruwa. In na canja, kafin magariba labari ya isa Roni.

Shi ma yakan sa a kira masa 'yarsa a waya, bayan gaisuwa ya ce a tambayi Malam yaya shanu. Ni kuma daga inda nake zaune, da shuɗin allo yana haska mini fuska, in ce a gaya wa Baba lafiya lau suke, sai godiya.

Na yi dabaru. Na sauya musu wuri, jan ya koma hagu na kwana biyu, ina addu'ar kada baƙi su zo. Oga ya zo ya rage musu gudu ta cikin saitin injin, abin ya lafa kwana uku ya dawo. Daga ƙarshe na sayo alƙalamin nan mai baƙin tawada da ake rubutu a kan buhu, da niyyar in karɓo ɗayan jan in shafe shi ya koma baƙi. Matata ta gan shi a aljihuna lokacin wanki, ta tambaya, ni kuma ban iya ƙarya a gida ba.

"Mahaifina za ka yi wa fenti?" in ji ta. "Mutumin da ke gane san da aka ɗura wa gishiri da ruwa don ya kumbura, shi za ka rufe wa ido da tawada?"

Na ce ai ita ta jefa ni a wannan rijiyar. Ta ce ita shawara ta ce in nema, ba ta ce in mai da ubanta abin wasa ba. Maganar ta yi mini zafi, na fita ban ci abincin rana ba, na je shago kwamfutar ta mutu sau biyu.

Mako biyar muna haka, Baba ya dawo ganin likita. Wannan karon bai jira na je gaishe shi ba. Da hantsi sai ga shi a ƙofar shagona da sandarsa da sabuwar hula. Na zabura na cire takalmi a cikin shagona na kaina, na ba shi kujerata, na koma kan wani ɗan benci. Ya leƙa cikin kwamfutar ya daɗe yana kallon su, ya gyaɗa kai, ya ce in ci gaba da aikina shi kallo ya zo yi.

Ranar kuwa ita ce ranar da wata Hajiya daga Babura za ta karɓi bidiyon bikin 'yarta, wanda na riga na ɗaga mata sau biyu. Mace ce mai jiki da murya, ta shigo tana fifita da gefen mayafi, ta gaishe da Baba, ta zauna ta ce yau ƙafarta ƙafar bidiyonta. Saura kawai in fitar da shi. Na yi bisimilla na danna. Layin ya fara tafiya, ya kai rabi, ya wuce, amarya tana shiga mota, sai shuɗi.

Na ce wutar lantarki ce ta yi rawa. Hajiya ta ɗaga kai ta kalli fanka tana juyawa lafiya lau. Na sake dannawa. Wannan karon ko rabi bai kai ba. Na ce zafi ne, na matso da fankar har tana kaɗa wa Baba gemu. Na uku ya kai gab da ƙarshe, har na fara murmushi, ya faɗi.

Hajiya ta miƙe. Ta ce tun asuba ta baro gida, ta ce dangin ango sun fara cewa ko ba a yi bikin ba ne, ta ce an gaya mata ni ne gwani a Kazaure ashe gwanin ba da haƙuri ne. Duk wannan na haɗiye. Sai ta juya wajen Baba ta ce, "Baba, ku da kuke manya ku gaya masa, in injinsa ya tsufa ya kai shi bola." Baba ya ce a'a Hajiya, injin ba shi da laifi, shi da kansa ya zaɓa masa abokan aiki, sai dai ko mai riƙe da garmar ne hannunsa bai faɗa ba.

Ina da zuciya, ban taɓa ɓoyewa ba. Mako biyar ina kwasar asara ina cewa sai godiya, yau kuma a gaban mai kaya a ce hannuna ne bai faɗa ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Idona dai yana ƙasa, wannan ko a cikin fushi ban iya karya shi ba, amma muryar da ta fito ba ta gaban suruki ba ce.

"Baba, ba hannuna ba ne. Zaɓinku ne. Ba a haɗa ja da baƙi, tun ranar aka gaya muku. Waɗannan ba shanu ba ne, 'yan gida ɗaya ake so. Tun da aka sa su ba su yi kwana huɗu a jere suna jituwa ba. Kun yi kuskure, Baba."

Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Surukinka ne fa?" Ta ja mayafinta ta koma bakin ƙofa, amma ba ta tafi ba, wa zai tafi ya bar wannan. Ni kuwa na riga na hango kaina ina tattara dattawan unguwa a je Roni ba da haƙuri, na hango fuskar matata. Na yi nadama tun kafin in rufe baki. Mutumin da aka ce in ɗaga, ga shi na kayar da shi a gaban baƙuwa.

Sai na ji sanda ta daki siminti.

"Kuskure? Ni?"

Muryar da ake ba da labari ce, wadda ban taɓa ji ba sai ranar. Mai shayin tsallaken titi sai da ya leƙo. Ya ce tsayinsu ɗaya ko ba ɗaya ba? Na ce ɗaya ne, amma ba tsayi ake dubawa ba, akwai lambobi a baya. Ya ce lambobin me? Na ce na yadda kowanne ke ɗaukar numfashi kafin ya amsa kira, in ɗaya ya riga ɗaya sai aikin ya zube. Ya ce to ai wannan taki ne, kuma wane mahaukaci ne zai haɗa shanu masu taki daban? Me ya sa ba a ce masa takinsu ya bambanta ba? Na ce ba a ba mu fili ba. Ya ce fili ba a ba da shi a kara, ƙwata ake yi. Na ce shi ma bai tambaya ba, haƙora ya tsaya dubawa. Ya ce haƙoran lafiyarsu ƙalau, in je in tambayi kowa. Muka yi ta yi, yana dukan ƙasa da sanda, ni ina yi wa siminti bayani da hannu biyu. Can na saci kallon tsakiyar idonsa, karo na farko a rayuwata, sai na ga dattijon nan dariya yake yi, har da hawaye a gefen ido.

Ya sauke murya ya ce, "Tun yaushe ka san ba su jitu ba?"

"Tun kafin a saya, Baba."

"Amma ka ce mini 'To, Baba.'"

"Na ce to."

Ya daɗe yana juya sandar a tsakanin tafukansa. Dariyar ta tafi.

"Malam, san nan na mutumin Gwiwa, na san na yi kuskure tun ranar da aka zo da labari. Na zauna ina jira yaran nan su zo su ce, Baba kun yi kuskure, in ce a ina, su nuna mini, mu yi ta yi har in gane ta inda ya wuce ni. Shekara arba'in ana musu da ni a kara, ana zagina ina ramawa. Ba wanda ya zo. Sai suka ce in huta." Ya share gefen idonsa da bakin hannun riga. "Wanda ake cewa to, to, an gama da shi ne. Mara lafiya ake yi wa haka."

Kunya ta rufe ni, ba irin ta suruki ba, irin ta wanda aka kama. Yayyen matata aƙalla sun fito fili sun karɓe igiya daga hannunsa. Ni na miƙa masa igiyar da ba a ɗaure ta a jikin komai ba, ina ta yi masa godiya.

Ya ce in kashe injin in ciro masa baƙin. Na ciro, ya karɓa ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihun gaba. Na ce ya zauna ya huta gwiwarsa, ni zan ruga wurin Oga in dawo yanzu. Kallon da ya yi mini ya sa na haɗiye sauran maganar.

"Dillalin da ya zaɓa shi ke mayarwa," in ji shi. "Hajiya, ki ba mu rabin sa'a."

Ya fita bai jira adaidaita-sahu ba. Na kulle aljihun tebur na bi shi da takalmina a hannu, yana gaba yana ɗingishi cikin rana, yana ta faɗa mini abin da zai gaya wa Oga a kan sayar wa mutane kaya ba tare da an faɗi takinsu ba. A bakin kwana ya tsaya ya juyo.

"Kuma jan za mu ɗauka. Ko kana da magana?"

Na ce ina da ita, Baba, ni baƙin na fi so.

"Madalla," in ji shi. "Faɗi dalilinka, ina ji."